Babi na Uku: “Fulawa” Ba Suna Ba Ne

A bakin manyan titunan Kano da Kaduna da Abuja, duk inda aka sami ɗan fili kusa da ruwa, za ka tarar masu sayar da dashe sun jera baƙaƙen ledoji, kowace da ɗan tsiro a cikinta. Wata ranar Asabar na raka wani kawuna irin wannan wuri. Ɗansa ne ya gama ginin gida a birni, ya ɗora masa zaɓen itatuwan da za a dasa, domin duk danginmu an san shi da sanin itace. In kuka shiga daji tare, ba za ku wuce bishiya bai kira sunanta ba, ya gaya maka abin da ake yi da sassaƙenta, da watan da take fure, da dabbar da ke cin ganyenta. Daga nesa yake rabe marke da baushe, ko da rani ya tsala sun kakkaɓe ganye.

Ya tsaya gaban wani tsiro mai siraran ganye masu sheƙi, da fure ruwan ɗorawa mai kamar mazurari. Ya ce da yaron da ke ban ruwa, “Samari, yaya sunan wannan?”

“Fulawa ce, Baba.”

Ya nuna ta kusa da ita, wata mai ƙaya da jan fure. “Wannan fa?”

“Ita ma fulawa ce, sai dai ta fi waccan tsada.”

Kawu bai ƙara tambaya ba. Ya koma kan ta farko, ya tsinki ganye ɗaya, ya dubi farin ruwan da ya tsatso a wurin tsinkar, ya shafa a yatsa, sannan ya goge hannu da ƙasa. Ya juyo gare ni ya ce, “Ban san sunanta ba, amma mai nono ce, irin na tumfafiya. Kada a kai ta gidan da akwai yara da awaki.” Ya yi gaskiya, kuma zan dawo kan wannan tsiro nan gaba. Abin da ya tsaya mini a rai ran nan shi ne, tsohon da bai taɓa ganin itacen ba ya fi mai sayar da shi sanin halinsa, don shi ya iya kallon itace, yaron kuwa ba a koya masa komai ba sai farashi.

Bahaushe ba baƙon raɗa wa itace suna ba ne. Dubi sunayen unguwanninmu kawai. A Kano akwai Kasuwar Rimi, da Durumin Iya, da Ceɗiyar ’Yan Gurasa, da Kurnar Asabe, da Tsamiyar Boka, da Ɗorayi da Giginyu da Gawuna. A Zariya akwai Rimin Tsiwa da Ƙofar Doka, a Sakkwato ga Gawon Nama. Mutanen da suka kafa waɗannan wurare da bishiya suke kwatance, a ƙarƙashinta suke cin kasuwa, da sunanta suke yi wa manya kirari, har Sardauna Ahmadu Bello ya zama Gamji. Kuma ba itacen gida kaɗai suka sa wa suna ba. In baƙon tsiro ya zo, sai su dube shi, su nemo wanda ya yi kama da shi a cikin na gida, su jingina shi da inda suke jin ya fito. Haka aka sami gwandar Masar da kurnar nasara. Zogale, wanda asalinsa Indiya, ya tara sunaye a bakin mutanen da: wasu sun ce bagaruwar Makka, wasu rimin nasara, wasu samarin danga, saboda yadda ake kafa shi a shinge.

Na baya-bayan nan da ya ci wannan gajiya shi ne darbejiya. Ita ma daga ƙasashen Indiya da Bama ta fito, kuma a Najeriya an fara dasa ta a lardin Barno a 1928, wato ba ta ma cika shekara ɗari tare da mu ba, ko ta cika da ƙyar. Amma ga ta da suna huɗu: darbejiya, maina, bedi, dogon yaro. Na ƙarshen nan ya yi tafiya har kudu, inda Yarabawa da Ibo suka are shi daga bakinmu. Ita aka jera a kwarin Majiya da ke yankin Tawa a Nijar tun daga 1975 don kare gonaki daga iska, ita ce kuma alhazai suke fakewa a inuwarta a filin Arfa. Ta sami suna ne saboda ta shiga rayuwar talaka, ana zama a inuwarta, ana aswaki da reshenta, ana dafa ganyenta a yi surace.

Itatuwan ado ba su sami wannan gata ba. Sun shigo ta unguwannin Turawa da harabar makarantu da gidajen gwamnati, a bayan shinge, a hannun gadina, inda mai wucewa sai dai ya hanga. Da suka fito bakin titi aka fara sayar da su ga kowa, sai aka haɗa su duka aka rufe da kalma ɗaya, fulawa, kalmar da da ita muke kiran garin burodi ma. Yau gidaje dubbai suna da itatuwa biyar ko goma a tsakar gida waɗanda maigidan ba zai iya kiran sunan ko ɗaya ba. Wannan abu yana damuna, kuma ba don burgar ilmi ba. Wanda bai san sunan itace ba, ba zai iya tambayar yadda saiwarsa take tafiya ba kafin ya dasa shi a jikin katanga. Ba zai iya komawa ya sayo irin wanda ya mutu masa ba. In yaro ya haɗiyi ’ya’yansa aka garzaya asibiti, likita ya tambayi me ya ci, amsar “fulawa” ba ta da amfanin komai.

Hanya mafi sauƙi ga Bahaushe ita ce wadda kawu ya bi: ka nemi dangin baƙon a cikin itatuwan da ka riga ka sani. Itatuwa gida-gida suke, kamar mutane, kuma kamannin gida ba ya ɓuya ko da an haifi ɗa a Madagaska. Kusan duk wata bishiyar ado da ke bakin titi tana da ’yar’uwa a dajinmu ko a gonarmu.

Mu fara da gidan tumfafiya, don shi ya fi kowane buƙatar hattara. Alamarsa ruwa mai danƙo, sau da yawa fari kamar nono, da fure mai kunne biyar da suka haɗe a gindi suka zama bututu. Tsiron da kawu ya tsinka ɗan wannan gida ne. Masana sun daɗe suna kiransa Thevetia peruviana, yanzu kuma Cascabela thevetia, asalinsa Meziko da ƙasashen da ke kusa da ita. Za ka gane shi da ganye siriri kamar na gero amma gajere mai sheƙi, da furen nan mai kamar mazurari, da ɗa kore mai kusurwa wanda bai wuce girman goro ba. A cikin ɗan nan dafin ya fi taruwa. Yana rikita bugun zuciya, kuma ƙwaya ɗaya ko biyu tana iya halaka ƙaramin yaro. A Siri Lanka da kudancin Indiya asibitoci sun san shi sarai. Mu kuwa muna dasa shi a shingen makarantun firamare saboda yana jure fari, kuma awaki ba su cika damunsa ba.

Ɗan’uwansa shi ne wanda Larabawa ke kira difla, masana kuma Nerium oleander. Furensa ruwan hoda ne ko fari ko ja, ganyensa dogo mai kauri, kuma ga alamar da ba ta kuskure: ganyen uku-uku yake fita, ya zagaye reshe a gaɓa ɗaya. Komai nasa dafi ne, ɗanye da busasshe. Hatsarin ya fi yawa ranar da aka yi masa aski aka watsar da rassan a bola, dabbobi suka tarar da su sun yi yaushi. Ba a aswaki da shi, ba a yin tsinken tsire da shi, ba a sa shi a murhu. Wanda ya tuna cewa kwankwani, da maharbanmu suke haɗa dafin kibiya da shi, ɗan wannan gida ne, ba zai yi mamaki ba.

A gidan nan dai akwai mai ƙamshi, Plumeria, bishiya mai kauraran rassa masu taushi kamar yatsu, wadda ke tara manyan ganye a ƙarshen reshe, furenta fari mai ruwan ƙwai a tsakiya, ko ja-ja. Da sanyi takan tsaya tsirara. Ka karya reshe, ka bar shi ya sha iska kwana kaɗan, ka kafa a ƙasa, zai kama. An raɗa mata sunan wani malamin coci Bafaranshe mai nazarin tsirrai, Charles Plumier, wanda ya rasu a 1704.

Sai wadda ta fi ba ni takaici, kuma ta fi ba ni sha’awa. A wuraren sayar da dashe za ka ga wani gajeren tsiro a tukunya, gindinsa ya kumbura kamar tulu, rassansa ’yan kaɗan, furensa ja ko ruwan hoda mai ɗaukar ido. Yana cikin masu tsada, ana kiransa da sunan Turanci mai ma’anar furen hamada, kuma yawancin masu launi iri-iri da ake yayi ’yan aure ne da manoman Tailan da Taiwan suka inganta. To, wannan tsiro namu ne. Shi ne ƙarya. Yana fita da kansa a busassun ƙasashen Sahel tun daga Senigal har gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa, kuma sunansa na ilmi, Adenium obesum, daga birnin Adan na Yaman aka samo shi, kalma ta biyun kuwa tana nufin mai ƙiba. Kakanninmu suna dasa shi a garuruwa tun kafin a san wani abu wai shi gadina. Kowa ya san karin maganar da ke cewa ƙarya fure take, ba ta ’ya’ya, amma ’yan kaɗan ne a yau suka san magana biyu ce aka tufka wuri ɗaya: ƙaryar baki, da wannan itace da ke cika da fure a tsakiyar rani, ba ganye ko ɗaya a jikinsa, a jira ’ya’ya a rasa. A haƙiƙa takan yi ’ya’ya jefi-jefi, kwanso biyu a haɗe kamar ƙahon sa, da iri mai gashi irin na tumfafiya wanda iska ke kwashewa. Amma wanda ya raɗa sunan ya kalli itacen shekara da shekaru kafin ya raɗa. Na sha ganin Bahaushe ya biya kuɗi mai yawa ya sayi ƙarya, ya ajiye a barandarsa, yana jefa karin maganar a hira, bai san ita ce a gabansa ba. Ita ma ruwanta dafi ne, an yi amfani da shi a kibiya a wurare da dama na Afirka.

Gida na biyu babba shi ne na masu kwanso, gidan ɗorawa da tsamiya da bagaruwa da wake. Sarauniyarsu a ado ita ce Delonix regia, ’yar Madagaska. A ƙarshen bazara, wajen Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura ana duban gabas, sai ka ga bishiya ta kama ja gaba ɗaya kamar an cinna mata wuta. Ganyenta irin na ɗorawa ne, ƙanana birjik a jere sau biyu, kanta a baje kamar lema, kwansonta doguwa mai tauri, takan kai kamu guda da ɗoriya, yara suna kaɗa ta kamar caki. Ka ɗauki fure ɗaya da ya faɗo ka duba: kunne biyar ne, huɗu jajaye, na biyar fari-fari mai zane. Saiwarta sama-sama take bi, tana ɗaga daɓe, don haka filin makaranta ko bakin hanya ya fi dacewa da ita, ba ƙaramin tsakar gida ba. Ana yawan rikita ta da wata ƙanwarta, Caesalpinia pulcherrima, wadda ba ta wuce tsayin mutum biyu, tana da ’yan ƙayoyi, furenta ja da ruwan ɗorawa, da dogayen zare da suka zarce furen kamar gashin bakin kyanwa. A leda, suna ƙanana, ganyensu kusan ɗaya ne. Ka shafa reshen: in ka ji ƙaya, ƙaramar ce.

Masu fure ruwan ɗorawa a wannan gida su ma suna rikitarwa. Wadda ta cika titunan tsofaffin unguwannin ma’aikata, mai duhun ganye da ba ta kakkaɓewa, furenta a tsaye a ƙarshen reshe, kwansonta falale, ita ce Senna siamea, daga Siyam, tsohon sunan Tailan. ’Yar ɗaki ɗaya ce da tafasa da rai ɗore da filasko, kuma duk wanda ya taɓa tsinkar tafasa zai ga kamar a furen. Wadda furenta ke reto ƙasa zangarniya-zangarniya, kwansonta mulmulalle dogo kamar sanda, Cassia fistula ce ta Indiya. Ita kuwa tana da tagwaiyarta a dajinmu, wato marga, Cassia sieberiana, wadda ba ta gaza ta da komai ba wajen kyau. Ganyen baƙuwar ya fi faɗi, shi ne bambancin da ido ya fi saurin kamawa.

Akwai wata rikitar da ta shafi magani kai tsaye. Darbejiya da kurnar nasara gida ɗaya suke, tare da maɗaci, kuma a ido suna kama. Amma ganyen darbejiya jeri ɗaya ne a kan tsinke, furenta fari, na kurnar nasara kuwa ya sake rassa a kan tsinken, ya zama jeri biyu, furenta yana da shunin launi. ’Ya’yan kurnar nasara suna daɗewa a rataye bayan ganye ya zube, kuma suna da dafi ga mutum da dabba. Mai zuwa tsinko ganyen surace ya san wanne yake tsinka.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Mai babban jan fure da doguwar sanda a tsakiyarsa, Hibiscus rosa-sinensis, manomi ba ya buƙatar a gaya masa danginta: ya dubi furen kuɓewa da rama da yakuwa da auduga. Ixora, mai tara ƙananan furanni masu kunne huɗu su zama dunƙule, da ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, gidansu ɗaya da gauɗe da tafashiya da itacen kofi. Siririyar bishiyar nan mai tashi sak kamar hasumiya, rassanta a sunkuye, bakin ganyenta a lanƙwashe kamar igiyar ruwa, wadda masu dashe ke kira maskured don ta yi kama da dodo, ’yar Indiya da Siri Lanka ce. Tana ƙawata katanga, amma wanda ke neman inuwar shimfiɗa tabarma kada ya sa rai da ita. Sunan ambarela kuwa bishiya biyu ake kira da shi, duka masu rassa hawa-hawa: mai ƙananan ganye, Terminalia mantaly ta Madagaska, da mai faffaɗan ganye da ke yin ja kafin ya faɗi, Terminalia catappa, wadda yara ke fasa ƙwallonta su ci. Duka biyun ’yan’uwan baushe ne. Wanda ake ce wa fikus, ana yi masa aski kamar ƙwallo, ɗan gidan ceɗiya da durumi da gamji ne, kuma ya gaji halin gidan: nono a jiki, da saiwa mai neman ruwa ko’ina yake. Wanda ya dasa shi kusa da sokawe ko bututun ruwa zai kira magini nan da ’yan shekaru.

Ita kuwa mai ƙayar nan da yaron ya ce ta fi tsada, Bougainvillea ce, kuma labarinta ya cancanci a tsaya. Abin da muke ɗauka fure a jikinta, ja ko fari ko ruwan lemo, ba fure ba ne. Ganye ne guda uku da suka rikiɗa suka yi launi, sirara kamar takarda, furen gaskiya kuwa ɗan ƙarami ne fari a tsakiyarsu. An tsinko ta ne a Birazil a 1767, lokacin da jirgin ruwan wani hafsan Faransa, Louis Antoine de Bougainville, ya yada zango a Riyo a kan hanyarsa ta zagaya duniya. Masanin tsirran jirgin, Philibert Commerson, shi ya raɗa mata sunan shugaban tafiyar. Mataimakinsa a wannan aiki mace ce, Jeanne Baret, wadda ta yi shigar maza ta shiga jirgin don doka ta hana mata, kuma ita tarihi ya ɗauka a matsayin macen farko da ta zagaya duniya. Itacen yana son rana da ƙishi. Masu yi masa ban ruwa safe da yamma ganye kawai suke samu, shi ya sa ya fi kyau a garuruwanmu da rani.

Na san mai karatu zai ce waɗannan sunaye suna karya harshe. Gaskiya ne, amma a sani ba Turanci ba ne, Bature ma koyonsu yake yi. Latinanci ne da Girkanci, kuma tsarin ya kafu ne a 1753, lokacin da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya fitar da littafinsa Species Plantarum, ya ba kowane tsiro kalma biyu. Ta farko sunan ɗaki ce, ta biyu sunan yanka. Ficus polita durumi, Ficus thonningii ceɗiya, Ficus platyphylla gamji, Ficus sycomorus ɓaure: da ganin kalmar farko ka san uwa ɗaya ta haife su. Kalma ta biyu kuma sau da yawa irin tunaninmu ne a wani harshe. Platyphylla na nufin mai faɗin ganye, regia ta sarauta, indica ta Indiya, senegalensis ta Senigal, digitata da ke jikin sunan kuka na nufin mai yatsu, don ganyen kuka kamar tafin hannu yake. Mu ma da muka ɗanɗani ɓawon wani itace muka ji ɗaci, maɗaci muka ce. Amfanin tsarin shi ne suna ɗaya ga itace ɗaya a duk duniya, ta yadda Bakano mai cewa darbejiya da Bakatsine mai cewa bedi da Ba’indiye za su haɗu a kan Azadirachta indica, sunan da shi ma daga Farisanci aka gina shi.

Kuma muna da hannu a cikinsa fiye da yadda muke zato. Itacen doka sunansa na ilmi Isoberlinia doka, iburu kuma Digitaria iburua. Daga bakin Bahaushe aka ɗauke su aka kai Latinanci. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya bi manoma da maharba da masu magani yana rubuta abin da suka gaya masa, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Don karrama shi aka kira hano Boswellia dalzielii. Ɗorawa kuwa sunan Mungo Park take ɗauke da shi, Parkia, matafiyin da ya mutu a Busa. Masana kan sauya suna in bincike ya nuna an sa itace a ɗakin da ba nasa ba: maskured ta daɗe tana Polyalthia longifolia, a 2012 aka mayar da ita Monoon longifolium, bagaruwa kuma ta tashi daga Acacia ta koma Vachellia. A duk wannan kai-kawo, bagaruwa tana nan bagaruwa a bakin majemi. Shi ya sa nake ganin sunan ilmi da na gida kowanne yana buƙatar ɗan’uwansa.

Abin da nake roƙo shi ne mu ci gaba da aikin da kakanni suka faro, mu sa wa baƙin nan suna da harshenmu. Ni a gidana Bougainvillea furen takarda muke ce mata, Delonix jar ɗorawa, difla kuma ƙaryar Masar. Ba na cewa kowa ya bi nawa, suna sai jama’a sun karɓa yake zama. Amma yarana sun riƙe waɗannan cikin mako guda, kuma sun san wadda ba a taɓawa.

Sanin suna kuma shi zai buɗe mana ido ga abin da muka bari a daji. Minjirya tana da fure ja wur, ga ta da kama ƙasa in an kafa reshenta a shinge. Sansami yana lulluɓe kansa da fure ruwan hoda a tsakiyar rani. Gurjiya, wadda wasu ke kira kurya, tana buɗe manyan furanni ja da ruwan lemo da hunturu, har a yi miya da gindin furen. Gauɗe shi ne Gardenia, ɗakin da Turawa ke ji da shi saboda ƙamshi. Lalle in an jera shi aka riƙa yi masa aski, shinge ne mai kyau, furensa yana ƙamsasa gida da dare, ga ganyen kuma mata na so. Duk waɗannan sun saba da zafinmu da farinmu da gararmu, ba sa jiran tankar ruwa. Ba a ganinsu a leda a bakin titi ne kawai don ba mai zuwa ya tambaye su da suna, mai dashe kuwa abin da ake nema yake renawa. A gidan ɗan kawu, ƙarshenta, marga biyu aka dasa a ƙofar gida da lalle a jikin katanga, kawu da kansa ya kawo irin daga ƙauye.

In ka ci karo da itacen da ya gagare ka, kada ka tsinko ganye ɗaya tak, don ganye ɗaya ba ya isa shaida. Ka yanko reshe mai tsawon kamu guda wanda ke nuna yadda ganyen ya jeru, da fure ko ’ya’ya in akwai. Ka shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da abu mai nauyi, ka rubuta wuri da wata da launin furen, don launi yana gushewa in ya bushe. Sashen nazarin tsirrai na Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya yana da ma’adanar busassun tsirrai da ake gwada irin wannan da ita, haka ma Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Manhajar waya irin PlantNet tana taimakawa, musamman a kan itatuwan ado da suka zagaya duniya, in ka ɗauki hoton fure da ganye daban-daban. Sai dai takan yi tuntuɓe a kan itatuwan dajinmu, saboda haka a ɗauki amsarta a matsayin zato, a kai wa tsoho ko malami ya tabbatar, balle in abin sha ne.

Ga masu sana’ar dashe, ku ne malaman wannan fanni ko kun so ko ba ku so ba, don daga bakinku mai saye yake ɗaukar suna. Ku koya wa yaranku na wurin aiki sunan kowane tsiro, da wanda ke da dafi, da wanda saiwarsa ke fasa gini. Kai kuma mai karatu, in damina ta kama ka je sayen dashe, kada ka miƙa kuɗi sai an gaya maka abin da ka saya. In ka kai gida, ka yanki gefen gwangwani, ka karce sunan da ƙusa, na Hausa a sama, na ilmi a ƙasa, ka ɗaura da waya sakwa-sakwa a reshe. Tawada ranar bazara takan cinye ta, karcen ƙusa kuwa yana nan har itacen ya yi inuwa.